Su wa suka riƙe Kiristanci a ƙarƙashin gurguzu, kuma me 'yan mishan suka tarar bayan faɗuwarsa?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya a kan magana biyu da ya ji, ya kasa haɗa su. Wani mai wa'azi ya gaya musu cewa gurguzu ya share Kiristanci ƙaƙaf a Rasha da maƙwabtanta, sai bayan 1991 'yan mishan suka je suka sake kafa shi daga tushe. Wani kuma ya ce ai tsanani ƙarfi yake ƙara wa ikilisiya, duk inda aka matsa mata sai ta yaɗu. Yana son ya san wacce ce gaskiya, da kuma rawar da 'yan mishan suka taka a waɗannan ƙasashe.

Ɗan'uwa, maganar farko ba ta da tushe balle makama. Ta biyun kuwa ta yi daidai a wasu ƙasashe, a wasu ta faɗi warwas. Abin da tarihin ya nuna shi ne, waɗanda suka riƙe bangaskiya a waɗannan shekaru 'yan ƙasa ne, da yawansu ma ba limamai ba ne. Taimakon waje ya yi rana wajen littattafai da rediyo da kai kukan fursunoni ga duniya. Amma da aka buɗe iyakoki, 'yan mishan da suka kwararo suna zaton babu Kirista a wurin sun yi aikin da bai kai kuɗin da aka kashe ba, kuma sun bar wa masu bi na wurin rigimar da har yau suke fama da ita.

Mu fara da Tarayyar Sobiyet, don can aka fi daɗewa ana gwada abin, shekara 70 da ɗoriya. Da 'yan gurguzun Rasha, 'yan Bolshebik, suka karɓi mulki a 1917, abokiyar gabarsu ta farko ita ce Ikilisiyar Otodoks, saboda ita da gidan sarautar Rasha jini da tsoka ne. A Janairun 1918 aka raba ta da gwamnati da makarantu, aka ƙwace mata ikon mallakar ko da ginin da take sujada a ciki. A 1922, lokacin yunwa, aka bi majami'u ana kwashe kayan zinariya da azurfa da sunan ciyar da mayunwata, kuma a shekarar aka yi wa Veniamin, babban bishop na Petrograd, shari'a aka harbe shi. 'Yan Baftis da sauran masu bishara kuwa sun ɗan sha iska a shekarun 1920. Gwamnati ta ɗauke su waɗanda sarakuna suka zalunta a da, tana kuma fatan su rage wa Otodoks jama'a. Sun buga Littafi Mai Tsarki, sun buɗe makarantun horar da masu wa'azi, sun ƙaru sosai.

Dokar Afrilun 1929 ce ta kawo ƙarshen wannan, kuma wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin labarin. Ba ta haramta sujada ba. Cewa ta yi manya 20 za su iya yin rajista su nemi a ba su aron gini su yi sujada a cikinsa, shi ke nan. Duk wani abu bayan wannan laifi ne: koyar da yara addini, taron mata, taron matasa, ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, ɗakin karatu, tara kuɗi don taimakon gajiyayyu, kula da marasa lafiya. A shekarar kuma aka gyara tsarin mulki, aka cire 'yancin yaɗa addini aka bar 'yancin yaɗa rashin addini shi kaɗai. Wanda ya tashi a majami'un Filato ko Kudancin Kaduna ko Adamawa ya ƙiyasta majami'arsa babu makarantar Lahadi, babu zumuntar mata, babu asibiti, babu fita wa'azi. Masu dokar ba su damu da tsofaffi ba, lissafinsu shi ne tsofaffi za su mutu da addininsu in dai an hana shi isa ga yara.

Sai kuma ƙarfin tuwo ya biyo baya. A Disamban 1931 aka tarwatsa babbar majami'ar Almasihu Mai Ceto a Mosko da nakiya, daga baya aka yi wurin ninƙaya a filin. Ƙungiyar mayaƙan rashin addini, wadda Yemelyan Yaroslavsky ya jagoranta, ta cika gari da jaridu da laccoci. Da aka zo ƙidayar jama'a a 1937 aka saka tambaya a kan addini, da zaton sakamakon zai nuna nasara. Fiye da rabin manyan ƙasar suka ce su masu imani ne, alhali sun san wa ke tambaya. Aka binne sakamakon, aka kama waɗanda suka shirya ƙidayar. A 1937 da 1938 aka kashe dubun-dubatar limamai da 'yan zuhudu. Kafin juyin juya hali majami'un Otodoks sun haura 50,000, zuwa 1939 'yan ɗaruruwa ne suka rage a buɗe, bishop huɗu kacal ke kan kujerunsu. Musulmin ƙasar ma ba su tsira ba, an rufe mafi yawan masallatai da makarantun addini a Asiya ta Tsakiya da yankin Bolga, an kashe malamai da dama.

Yaƙi ne ya sauya lissafi. Da sojojin Hitler suka shigo, shugaban Sobiyet Stalin ya ga yana bukatar duk abin da zai haɗa kan mutane. A Satumban 1943 ya kira manyan bishop uku cikin dare zuwa fadar Kremlin, bayan 'yan kwanaki aka zaɓi Sergius ya zama shugaban ikilisiya, aka sake buɗe dubban majami'u. Sai dai hukumar da aka kafa don sa wa ikilisiyar ido, jami'in 'yan sandan ciki Georgy Karpov aka ɗora a kanta. A shekarar aka kafa wa Musulmi hukumar addini a Tashkent, a 1944 kuma aka haɗa 'yan Baftis da masu bishara cikin majalisa guda. Tsarin ɗaya ne: za a bar ka ka rayu, muddin gwamnati ce ke tantance shugabanninka.

Wurin da labarin ya fi koyar da mai nazarin aikin bishara shi ne abin da ya faru da 'yan Baftis a zamanin Khrushchev, wanda ya mulki Sobiyet bayan Stalin. Daga 1959 zuwa 1964 ya sake tayar da yaƙi da addini, aka rufe kusan rabin majami'un Otodoks da suka rage. A 1960 shugabannin majalisar 'yan Baftis, bisa matsin gwamnati, suka aika wa manyan fastocinsu wasiƙar umarni: a rage yi wa 'yan ƙasa da shekara 30 baftisma, kada a bar yara su shiga sujada, a daina ɗokin jawo sababbin mutane. Ka lura, ba ɗan sanda ne ya sa hannu ba, dattawan ikilisiya ne. A 1961 wasu suka ce ba za ta saɓu ba, suka ɓalle. Cikin jagororinsu akwai Gennady Kryuchkov, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana ɓuya yana tafiyar da ikilisiya, da Georgi Vins, wanda aka ɗaure sau biyu kafin a yi musayarsa da 'yan leƙen asirin Sobiyet a 1979 a tura shi Amurka. Suka ƙi rajista, suka koma sujada a gidaje da dazuzzuka, suka ci gaba da koyar da 'ya'yansu. An ɗaure ɗaruruwansu, wasu kotu ta raba su da 'ya'yansu aka kai gidajen marayu na gwamnati.

Matansu da iyayensu mata suka kafa majalisar dangin fursunoni a 1964. Aikinta tattara sunan duk wanda aka kama, da ranar kamun, da hukuncin, da sansanin da aka kai shi, da yawan 'ya'yan da ya bari, a buga a rarraba, a kuma lallaɓa a fitar da shi waje. Mahaifiyar Vins, Lidia, ta shugabance ta har ita ma aka ɗaure ta tana tsohuwa. Daga 1971 suka fara ɗab'i a ɓoye da injinan da suka ƙera da kansu daga kayan keke da na injin wanki, suna buga Sabon Alkawari da littattafan waƙoƙi. A 1974 aka gano ɗaya daga maɗaba'un a wata gona a Latbiya aka kama ma'aikatanta, amma aikin bai tsaya ba. Babu ɗan mishan ko ɗaya a cikin wannan duka.

Ni dai ban yarda da masu raba su gida biyu ba, wai marasa rajista jarumai, masu rajista maciya amana. Gaskiya ne a cikin shugabannin masu rajista akwai masu kai rahoto. Amma majami'ar da ke buɗe a tsakiyar gari ita ce kaɗai wurin da mai neman Allah da bai san kowa ba zai iya shiga, kuma fastoci da yawa a cikinta sun riƙa karya umarnin a asirce, suna baftisma da dare a kogi. Ana ma iya cewa taurin kan marasa rajista ne ya sa gwamnati ta sassauta wa masu rajista, don kada jama'a su tsere musu.

A wajen Otodoks kuwa kakanni mata ne suka yi aikin. Su ke cika majami'u, su ke ɗaukar jikoki a kai su wani ƙauye a yi musu baftisma ba da sanin uban da ke cikin jam'iyyar gurguzu ba. Gorbachev, shugaban Sobiyet na ƙarshe, da bakinsa ya ce an yi masa baftisma yana yaro, Putin ma ya ce mahaifiyarsa ta sa an yi masa a ɓoye. A yammacin Yukiren, Ikilisiyar Katolika mai bin tsarin sujadar gabas, wadda aka rushe da ƙarfi a 1946 aka haɗe ta da Otodoks, ta rayu shekara 43 a ƙarƙashin ƙasa da bishop-bishop da limaman da ke aikin leburanci da rana. Da aka halatta ta a ƙarshen 1989, miliyoyin mutane suka fito suka ce nata ne su. A Lituweniya limaman Katolika da 'yan zuhudu mata sun fitar da mujallar ɓoye daga 1972 har 1989 ba tare da 'yan sandan ciki sun iya kashe ta ba.

To me na waje suka yi a lokacin? Zama a ƙasar a matsayin ɗan mishan ba ya yiwuwa, don haka hanya uku suka bi. Akwai masu fasa-ƙwaurin Littafi Mai Tsarki, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne ɗan Holan ɗin nan Andrew van der Bijl, da ya fara zuwa Polan a 1955, daga baya aikinsa ya zama ƙungiyar Open Doors. Bukatar ta gaske ce, domin akwai ikilisiyoyin da ake kwafar littafin da hannu. Akwai rediyon gajeren zango, irin su Trans World Radio daga Monte Carlo da HCJB daga Ekwado, waɗanda har karatun nassi a hankali ake yi a wasu shirye-shirye don mai sauraro ya rubuta. Sai masu kai ƙara: Richard Wurmbrand, faston Romaniya da ya yi shekara 14 a kurkuku, wanda ya tuɓe riga a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka a 1966 ya nuna tabon azaba, da Michael Bourdeaux a Ingila, wanda cibiyarsa ta Keston ta riƙa tantance takardun da ake fitowa da su tana bugawa. A ganina wannan na ukun ya fi kowanne tasiri, domin fursunan da aka san sunansa a waje ba a cika barinsa ya mutu a sansani ba. Sai dai dukansu kayan aiki suka kai wa ikilisiyar da ke raye. Kuma labaran da wasu ƙungiyoyi suka riƙa zuzutawa don tara gudummawa su suka dasa wa Kiristocin Yamma tunanin cewa ƙasar duhu ce zalla, tunanin da ya zo ya yi ɓarna daga baya.

Yanzu ga magana ta biyu, wai tsanani kullum ƙara ikilisiya yake yi. Mai wannan magana ya je ya duba Jamus ta Gabas, ƙasar Martin Luther. A 1950 fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta 'yan ikilisiya ne, zuwa 1990 sun koma kusan kashi 30, kuma har yau yankin yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin addini a duniya. Ba a kashe fastoci a can kamar Rasha ba. Bikin balaga na gwamnati aka ƙirƙiro daga 1954 ya yi gogayya da bikin tabbatar da matasa cikin bangaskiya da ikilisiya ke yi, yaron da ya ƙi shi kuma sai hanyar jami'a ta yi masa wuya. Iyaye suka zaɓi makomar 'ya'yansu. Majami'ar Nikolai a Leipzig ta zama cibiyar addu'o'in Litinin da suka haifar da zanga-zangar 1989, amma da bangon Berlin ya faɗi jama'ar suka watse, ba su dawo ranar Lahadi ba. A Albaniya kuma shugaban ƙasar Enver Hoxha ya rufe masallatai da majami'u da zawiyoyi 2,169 a 1967, ya ce ƙasarsa ce ta farko a duniya da ba ta da addini. An harbe wani limamin Katolika, Shtjefën Kurti, a 1971 bayan ya yi wa yaro baftisma. Da aka yi sujadar farko a fili a maƙabartar Shkodër a Nuwamban 1990, limaman da suka rage tsiraru ne, tsofaffi, yawancinsu daga kurkuku suka fito. Nan kam an bukaci taimakon waje da gaske, har Ikilisiyar Otodoks ta ƙasar sai da aka kawo mata Anastasios, Bagirken da ya yi aikin mishan a Gabashin Afirka, ya sake gina ta. Polan ta tsaya da ƙarfinta, amma don Katolika da zama ɗan Polan sun riga sun zama abu guda tun kafin gurguzu.

Inda maganar ta yi daidai shi ne Sin da Habasha, kuma a duka biyun girman ya zo ne bayan 'yan mishan sun tafi. A 1949 Furotestan a Sin ba su wuce miliyan ɗaya ba, bayan fiye da shekara 140 ana aikin mishan. Zuwa 1953 kusan duk baƙi sun fita. Gwamnati ta kafa ƙungiyar da ta ce ikilisiya ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta, wanda asalinsa ra'ayin Henry Venn ne na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglikan, mutumin da ya tsaya aka naɗa Ajayi Crowther bishop a 1864. Waɗanda suka ƙi shiga, irin su Wang Mingdao, sun yi fiye da shekara 20 a kurkuku. Daga 1966 aka rufe kowace majami'a, har ta gwamnatin. Da aka fara buɗewa a 1979 sai aka tarar taron gidaje ya bazu a ƙauyukan lardunan Henan da Zhejiang. A 2018 gwamnatin da kanta ta ce Furotestan miliyan 38 ne, masu ƙiyasi daga waje kuma suna ba da fiye da haka.

Labarin Habasha ya fi kusa da mu, har ya taɓa mu kai tsaye. Gidan rediyon da Lutheran suka kafa a Addis Ababa a 1963 shi ke watsa shirye-shiryen Hausa na Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos, kuma a Maris na 1977 gwamnatin sojan gurguzu ta Habasha, wadda ake kira Derg, ta ƙwace shi ta mayar da shi muryar juyin juya hali. SIM, mishan ɗin da ta haifi ECWA, ita ce ta haifi ikilisiyar Kale Heywet a can, kuma yawancin ma'aikatanta sun bar ƙasar a waɗannan shekaru. Derg ta tsige shugaban Otodoks, Abuna Tewofilos, a 1976, ta kashe shi a 1979. A Yulin shekarar aka sace Gudina Tumsa, babban sakataren ikilisiyar Mekane Yesus, aka kashe shi. Ya samu damar zama a waje ya ƙi. A 1982 aka rufe ƙaramar ikilisiyar Meserete Kristos, aka ƙwace gine-ginenta, aka ɗaure shugabanninta shida. Membobinta a lokacin kimanin 5,000 ne. Suka kasu rukuni-rukuni na mutum biyar zuwa bakwai a gidaje, ana shiga ɗaya-ɗaya, ana waƙa ƙasa-ƙasa, ba a karɓar sabon mutum sai an daɗe ana koyar da shi an kuma tabbatar ba ɗan rahoto ba ne. Da yake rukunonin sun yi yawa, dole mata da matasa suka zama masu koyarwa. Da Derg ta faɗi a 1991 suka ƙirga kansu, sun haura 30,000. Ƙidayar ƙasa ta 1994 ta nuna Furotestan kusan kashi 10 cikin 100, ta 2007 fiye da kashi 18.

Abin da ya raba waɗannan da Jamus ta Gabas, a fahimtata, shi ne inda ikilisiya ta ajiye ƙarfinta kafin wuya ta zo. Wadda rayuwarta ta rataya a kan gini da limami mai albashi da harajin gwamnati, ana taɓa waɗannan sai ta yi rauni. Wadda kowane memba ya iya karanta nassi ya koyar da maƙwabcinsa, rufe ginin bai isa ya kashe ta ba. Ko ita ma tana da iyaka, don inda aka yi irin na Albaniya ko Koriya ta Arewa, kaɗan ne ke saura.

Sauran abin da ya faru bayan 1991. Sassaucin ya fara tun 1988, lokacin bikin cika shekara 1,000 da shigar Kiristanci ƙasar Rus, tsohuwar daular da Rasha da Yukiren suka samo asali, inda Gorbachev ya karɓi shugaban ikilisiya Pimen a Kremlin. A Oktoban 1990 aka yi dokar 'yancin addini mai faɗi ƙwarai. Mutane na cikin yunwar abin da aka hana su, ana layi don karɓar Littafi Mai Tsarki, filayen wasa na cika. Billy Graham ya yi wa'azi a babban filin wasan Olimfik na Mosko a 1992. Dubban 'yan mishan suka shigo daga Amurka da Koriya ta Kudu da Jamus da Finlan, tare da su kuma sababbin ƙungiyoyin addini irin su mabiyan Sun Myung Moon na Koriya da Aum Shinrikyo ta Japan, kuma talakan Rasha ba shi da hanyar bambance wannan da wancan.

Misali mafi girma shi ne CoMission, haɗakar ƙungiyoyin bishara kimanin 80 da suka ƙulla yarjejeniya da ma'aikatar ilimi ta Rasha a 1992 don horar da malaman makaranta koyar da tarbiyyar Kirista. Burinsu tura mutum 12,000, waɗanda suka je na shekara guda kimanin 1,500 ne, yawancinsu ba su jin Rashanci, ba su san tarihin Otodoks ba, ba su kuma nemi shawarar 'yan Baftis ɗin da suka sha ɗauri ba sai can baya. Babbar matsalar ita ce harshe biyu: ga ma'aikatar ilimi tarbiyya ake koyarwa, ga masu ba da kuɗi a Amurka bishara ake yi da kafa ikilisiyoyi. Da Otodoks suka gano, ma'aikatar ta soke yarjejeniyar a 1995. A 1996, a wani taron majalisar ikilisiyoyin duniya a Burazil, Kirill, wanda yanzu shi ne shugaban Otodoks na Rasha, ya koka cewa sun sa ran 'yan'uwa za su zo su tallafa musu, sai ga su sun shigo da daloli kamar 'yan dambe suna kai musu naushi.

Kukan na da gaskiya a cikinsa. Mutumin da aka kashe masa limamai dubbai, ka zo ka ce ka kawo Almasihu ƙasarsa, dole ya ji zafi. Amma kada a wanke shugabannin Otodoks tas. Limami Gleb Yakunin, wanda ya sha ɗauri a zamanin Sobiyet, ya ga takardun KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, a 1991 ya bayyana yadda manyan ikilisiya suka yi aiki da hukumar, daga baya a 1993 aka tuɓe masa rigar limanci bisa hujjar ya ƙi barin siyasa. Abin da shugabannin ke so shi ne su koma matsayinsu na da a gefen mai mulki, kurakuran 'yan mishan hujja suka ba su. A Satumban 1997 shugaban Rasha Yeltsin ya sa hannu a sabuwar doka, bayan ya ƙi ta farko, wadda ta ambaci matsayin Otodoks na musamman, ta kuma tauye haƙƙin duk ƙungiyar da ba ta iya nuna ta shekara 15 a wurin ba.

Su kansu masu bishara na ƙasar abin ya zo musu da gauraye. An gina musu majami'u da makarantun tauhidi da kuɗin waje, wasu suka durƙushe da kuɗin ya yanke. Matasansu masu jin Turanci suka koma tafintoci. Dubban iyalai, har da fastoci, suka yi hijira zuwa Jamus da Amurka daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2017 ya nuna masu cewa su Otodoks ne a Rasha sun tashi daga kashi 37 a 1991 zuwa 71, amma masu zuwa majami'a kowane mako kashi 6 ne. Furotestan kuwa, bayan duk wannan hidima, 'yan kashi ɗaya zuwa biyu ne.

Aikin da ya ɗore yawanci na masu jin harshen ne. Yukiren, inda babu ikilisiya guda da ta mamaye sauran, ita ta zama mai tura masu bishara, kuma majami'u da yawa a Saiberiya da arewacin Rasha 'yan Yukiren ne suka kafa su. 'Yan Fentikos sun samu shiga ta cibiyoyin farfaɗo da masu shan ƙwaya da barasa, aikin da ba a yin sa a ziyarar mako biyu. Har ɗan Nijeriya ya shiga labarin: Sunday Adelaja ya je Minsk karatun jarida a 1986 da tallafin gwamnatin Sobiyet, ya ƙware a Rashanci, a 1994 ya kafa ikilisiya a Kiyef wadda ta zama ɗaya daga mafi girma a Turai, kafin rikicin wani kamfanin zuba jari a 2008, wanda ya musanta hannu a cikinsa, ya rage mata jama'a.

A Yulin 2016 Rasha ta yi dokokin da ake kira na Yarovaya, da sunan yaƙi da ta'addanci. Sun hana yin bishara a gidajen zama, sun kuma wajabta wa mai wa'azi a wajen harabar majami'a ya riƙe takardar izini daga ƙungiya mai rajista. Cikin waɗanda aka fara ci tara akwai wani Ba'amurke ɗan Baftis a garin Oryol, rubul 40,000, saboda nazarin Littafi Mai Tsarki a gidansa. Ya sha kaye a kotunan Rasha ya koma ƙasarsu. A 2017 kotun ƙoli ta haramta Shaidun Jehobah gaba ɗaya. Mafi yawan waɗanda ake gurfanarwa a ƙarƙashin dokar bishara tun daga lokacin 'yan ƙasa ne, Musulmi da Furotestan, kuma a cikinsu akwai 'yan Baftis na ɓangaren da ya ɓalle a 1961, waɗanda har yanzu ba su yarda su yi rajista ba.